Katin bindiga da aka ƙwace a Illinois: yadda laifin 2001 ya ja wata mata kotu har zuwa 2020

Shimfiɗa

A jihar Illinois ta Amurka, wato jihar da Chicago take ciki, ba ka isa ka ajiye bindiga a gidanka ba, kai ko kwalin harsashi ɗaya mai shago ba zai miƙo maka ba, sai ka nuna wani ɗan kati mai hotonka da suke ce wa FOID. Tun 1968 dokar take aiki. 'Yan sandan jiha ne ke bayar da shi, kuɗinsa dala 10 ne, yana kuma yin shekara 10 kafin a sabunta. Shi wannan na mallaka ne kawai fa, in kana so ka riƙa yawo da ita a ɓoye a jikinka wannan wani lasisi ne daban da nasa horon da nasa kuɗin.

Abin da ke rikita mutane shi ne doka biyu ce a kanka lokaci guda, ta jiha da ta tarayya, kuma dokar jihar ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda tarayya ta haramta wa bindiga to 'yan sandan jiha su hana shi katin, in ma yana da shi su soke. A wannan mahaɗar ne matar da zan ba da labarinta ta maƙale. Sunanta yana cikin takardun kotu amma ba sai na kawo shi ba, mutuniyar wata ƙaramar gunduma ce can kudancin jihar, yankin gonakin masara da waken suya inda bindigar farauta a gida ba abin kallo ba ce.

2001: ƙaramin laifi

A 2001 rigima ta haɗa ta da mijinta na wancan lokacin, ta doke shi, magana ta kai kotu, ta amsa laifi. Laifin da aka rubuta a takarda shi ne duka, duka kawai, irin wanda za a rubuta wa wanda ya mari wani a bakin kasuwa. A dokar Illinois akwai wani laifi daban mai nasa sashen, wato dukan iyali, kuma ba shi aka rubuta mata ba. Duka irin nata yana cikin ƙananan laifuka, waɗanda iyakar hukuncinsu bai kai shekara guda a tsare ba. Ta karɓi hukuncinta mai sauƙi ta gama, rayuwa ta ci gaba.

Wanda ya taɓa zama a kotun ƙananan laifuka a Amurka ya san yadda ranar take, mutane cike da benci ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, lauyan gwamnati riƙe da tulin fayil yana tayi, ka amsa wannan a sauke maka wancan ka biya tara ka tafi gida yau, yawancin mutane kuma amsawa suke yi don kowa so yake ya koma aiki gobe. Ba kasafai wani ke tsayawa lissafin abin da amsar za ta jawo bayan shekara goma ba.

Shekara biyar kafin nan, a 1996, majalisar tarayya ta riga ta yi wata doka da ake kira da sunan Sanata Frank Lautenberg na New Jersey. Ta ce duk wanda aka taɓa samu da laifin cin zarafin iyali, ko da ƙaramin laifi ne, to shi da bindiga da harsashi har abada. Ba wa'adi. Ta haɗa har da laifukan da aka yi kafin a kafa ta, kuma ba ta ware ɗan sanda ko soja ba, akwai masu kaki da suka rasa aiki a kanta. Sai dai shekaru ana ta gardama a kotuna, shin sai takardar hukunci ta ambaci iyali ne, ko kuwa ya isa a ce wanda aka doka miji ne ko mata? A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta raba gardamar a shari'ar wani mutumin West Virginia, alƙalai 7 suka rinjayi 2, suka ce sunan da aka ba laifin ba shi ne ba, abin dubawa shi ne wa aka doka. Daga ranar, dukan da aka rubuta mata a 2001 ya zama dukan iyali a idon tarayya, ko da takardar jiha ba ta ce haka ba.

2010 zuwa 2012: an ba ta, an karɓe

A 2010 ta nemi katin, aka ba ta. Matsalar ta fito ne da ta je sayen ƙaramar bindiga. A Illinois katin kaɗai ba ya isa a wajen saye, mai shago sai ya tura bayananka ga 'yan sandan jiha a sake bincike, su kuma su leƙa rumbun bayanan tarayya da aka buɗe tun 1998. Nan tsohon laifin ya taso, aka hana cinikin. A 2012 'yan sandan jiha suka soke katin gaba ɗaya, hujjarsu ita ce dokar tarayya ta haramta mata, shikenan.

A lura ba wani sabon laifi ta yi ba tsakanin 2001 da 2012. Fayil ɗin nan dai ne, karatun da ake masa ne ya canza.

Ƙofofin da aka ƙwanƙwasa

Dokar Lautenberg ta bar 'yan ƙofofi na fita. Ba za a ƙidaya maka laifin ba idan an goge shi daga rajista, ko an soke hukuncin, ko an yi maka afuwa, ko kuma an maido maka da 'yancinka na ɗan ƙasa. Huɗu kenan a takarda, amma bari mu bi su.

Gogewa, a Illinois galibi ba a goge laifin da aka riga aka yanke hukunci a kai sai in kotu ta rushe hukuncin ko gwamna ya yi afuwa ya kuma ba da izinin a goge. Soke hukunci kuwa, mutum ya amsa laifi da bakinsa shekara goma sha ɗaya baya, da wace hujja zai dawo?

Sai afuwar gwamna, kuma ta nema. Yadda ake yi shi ne ka rubuta doguwar takarda da tarihin rayuwarka kaf ka miƙa wa hukumar da ke duba lamuran fursunoni, su saurare ka, su aika wa gwamna shawara a asirce wadda kai ba za ka taɓa gani ba, shi kuma gwamnan ba shi da wa'adin amsawa ba kuma dole ya faɗi dalili ba, a shekarun nan ma takardu dubbai ne suka taru tun zamanin Gwamna Blagojevich da ya bar su jibge ba amsa. Tata dai ba ta samu karɓuwa ba.

Akwai wata ƙofa ta biyar a ɓangaren tarayya, a lokacin kana iya rubuta wa hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ka roƙi a ɗage maka haramcin. Toh amma tun 1992 majalisa duk shekara sai ta sa a kasafin kuɗi cewa kada hukumar ta kashe ko sisi wajen duba irin wannan roƙon, a 2002 kuma Kotun Ƙoli ta ce tunda hukumar ba ta ƙi ka ba, shiru kawai ta yi, to ba abin da za ka ɗaukaka zuwa kotu. Ƙofa ce da aka zana a jikin bango, a duk tsawon shari'ar matar nan haka ta kasance.

Saura ta huɗu, maido da 'yancin ɗan ƙasa, ita kuma a nan abin ya fi ɗaure kai. Kotunan tarayya sun daɗe suna cewa 'yancin da ake nufi uku ne: jefa ƙuri'a, riƙe muƙamin gwamnati, da zama cikin mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a su yanke ko an yi laifi. A 2007 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa abin da ba a ƙwace maka ba, ba a iya maido maka. Mai babban laifi ana ƙwace masa waɗannan, in ya gama a maido masa, sai ya samu hanya. Mai ƙaramin laifi kuwa yawanci ba a taɓa masa su ba, don haka ba abin maidowa, don haka haramcinsa ba ranar ƙarewa. Wato sauƙin hukuncin da ta samu a 2001 shi ne ya toshe ta, an gudu gara an faɗa gidan zago.

2013: ƙara a kotun gunduma

A 2013 ta shigar da ƙara a kotun gundumarsu ƙarƙashin sashe na 10 na dokar katin. Sashen ya ce alƙali na iya umartar a ba mutum kati idan ya cika sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, ba a same shi da babban laifi na ƙarfi ba cikin shekara 20. Na biyu, yanayin laifinsa da tarihinsa da shaidar da mutane ke masa sun nuna ba zai zama haɗari ga jama'a ba. Na uku, ba shi katin bai saɓa wa maslahar jama'a ba. Na huɗu, ba shi katin bai saɓa wa dokar tarayya ba. Dole kuma a kai wa lauyan gwamnati na gunduma takardar aƙalla kwana 30 kafin zama, don in yana da ja ya zo ya ja.

Sharaɗi na huɗun nan sabo ne fil a lokacin, a 2013 ɗin ya shigo dokar, da ta yi sammako da shekara ɗaya da ba ta same shi ba. Ga yadda ya ɗaure ta: jiha ta ce ba za mu ba ki ba sai tarayya ta sake ki, tarayya ta ce ba za mu sake ki ba sai jiharki ta maido miki da wani abu, jiha ta ce ai ba mu karɓi komai ba balle mu maido. Gaba kura baya sayaki.

A watan Satumban shekarar Kotun Ƙolin Illinois ta yanke wata shari'a mai kama da tata, ta wani mutum da shi ma ƙaramin laifin iyali ya hana shi kati. Shi ya samu katinsa, amma alƙalan bakwai sun rabu gida uku, uku da hujjarsu, biyu da wata hujjar daban, biyu sun ƙi, kuma tasa ƙarar ta fara ne kafin sabon sharaɗin. Saboda haka ba ta zama tsani ga na baya ba, kotunan ɗaukaka ƙara na jihar suka ci gaba da korar masu irin wannan buƙata ɗaya bayan ɗaya, kullum da magana guda, hannunmu a ɗaure yake.

2016 da bayanta: ta ci, amma a kan ƙasa mai santsi

Sai 2016 aka zauna sauraron shaidu, kusan shekara uku kenan da shigar da ƙara. A nan aka baje tarihinta, abin da ya faru a 2001, da yadda ta zauna tun daga lokacin. Alƙalin ya gamsu da sharuɗɗa ukun farko duka, ba babban laifi, ba alamar haɗari, ba abin da zai cutar da jama'a. Na huɗun ne ya gagara, don shi ma yana ganin dokar tarayya ta rufe hanya.

Mafitar da ya bi daga baya ita ce kundin tsarin mulki. Ya ce haramcin tarayya da sassan dokar jiha da suka jingina da shi, in aka ɗora su a kan wannan matar a halin da take ciki, sun take mata 'yancin riƙe makami da gyara na biyu na kundin Amurka ya ba ta, tunda haramci ne na har abada ba tare da wata hanyar fita ta gaske ba. Ya umarci a ba ta kati. 'Yan sandan jiha suka ɗaukaka ƙara, kuma a Illinois idan alƙalin gunduma ya ce wata doka ta saɓa wa kundi ba a bi ta kotun tsakiya, kai tsaye ake wucewa Kotun Ƙolin jiha.

24 ga Janairun 2020

Kotun ta yanke hukunci baki ɗaya, ba wanda ya ja. Mai shari'a Mary Jane Theis ce ta rubuta, wadda kuma ita ce ta rubuta ra'ayin masu ƙin amincewa a waccan shari'ar ta 2013, abin ya ba ni sha'awa gaskiya.

Ba su bi hanyar alƙalin gunduma ba, sun ma share wancan ɓangaren nasa na cewa doka ta saɓa wa kundi, don ƙa'idarsu ce ba a taɓa kundi in ana iya warware magana da fassarar doka. Komawa suka yi kan ƙofa ta huɗu suka tambaya, wa ya ce 'yancin ɗan ƙasa uku ne kacal? Lissafin ukun nan an yi shi ne kafin 2008, shekarar da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a shari'ar Heller riƙe bindiga 'yanci ne na mutum shi kansa, da kuma 2010 da ta ce a shari'ar McDonald, wadda daga Chicago ma ta taso, wannan 'yancin ya hau kan jihohi. Kundin Illinois shi ma yana da nasa sashen a kai. In kuwa 'yanci ne na ɗan ƙasa, to ai an ƙwace mata wani abu, ranar da dokar jiha ta hana ta kati saboda laifin. Sashe na 10 kuma hanya ce da jiha ta tsara ta duba mutum shi kaɗai, da shaidu da alƙali, ta ce an yarda da shi. Don haka idan alƙali ya gamsu da ukun farko, wannan gamsuwar ita ce maidowar, haramcin tarayya ya faɗi, sharaɗi na huɗu ya cika da kansa. Ba su ne farkon masu wannan karatun ba, Kotun Ƙolin New Hampshire ta yi irinsa a 2015.

Umarnin a ba ta kati ya tabbata. Daga sokewa zuwa wannan rana shekara bakwai da ɗoriya, daga laifin kuwa kusan goma sha tara.

Abin da ya canza bayan nan

Wanda aka soke wa kati yau ba irin yanayinta zai tarar ba. Doka ta ce cikin awa 48 da samun sanarwa ka miƙa katin, ka kuma cike takardar da ke nuna inda kowace bindiga ta koma. An daɗe ba a bibiya, har sai da wani ma'aikaci ya harbe abokan aikinsa biyar a wata masana'anta a Aurora a Fabrairun 2019, aka gano tun 2014 aka soke masa kati ba wanda ya je karɓar bindigar. Bayan wannan ne Gwamna Pritzker ya sa hannu a gyaran dokar a 2021, daga 1 ga Janairun 2023 kuma aka kafa kwamitin mutum bakwai da ke sauraron ƙorafin waɗanda aka hana ko aka soke wa kati. Amma ba kowa ke zuwa can ba, in kuskure ne a rajista, misali an haɗa ka da mai irin sunanka, wajen 'yan sandan jiha za ka koma da takardun kotu, in kuma dukan iyali ne ko babban laifi na ƙarfi to har yanzu kotun gunduma ce.

'Yan uwanmu da ke zaune can su ma akwai abin da ya shafe su a nan, mai bizar karatu ko ta ziyara a ƙa'ida ba ya cikin masu samun katin, mai takardar zama ta dindindin yana samu, kuma amsa laifin cin zarafin iyali ga wanda ba ɗan ƙasa ba yana iya zama dalilin kora daga Amurka ɗungurungum, ba maganar bindiga kaɗai ba.

Yadda nake kallon abin

Afuwa ba ta yi aiki ba don ba hakki ba ce, alfarma ce, ba ka da inda za ka kai kuka in an hana. Hujjar kundin tsarin mulki ta ci a ƙasa amma ba ta kai labari a sama ba, kuma ni ban ga laifin kotun ba, dokar Lautenberg ba don wasa aka yi ta ba, gidan da ake duka in bindiga ta shiga sau da yawa gawa ce ke fita, ba alƙalin da zai so a ce shi ya fara ɓalle ta. Abin da ya yi aiki ƙarami ne, fassarar kalma biyu-uku a cikin dokar da kowa ya shekara ashirin yana karantawa.

Sai dai fassarar nan ba za ta amfane ta da komai ba da ba don zaman 2016 ba. Kotun Ƙoli ba ta sake auna halinta ba, abin da alƙalin gunduma ya riga ya tabbatar ta ɗauka ta ɗora hukunci a kai. An ga bambancin a 2021, wani mai tsofaffin manyan laifuka daga gundumar Cook ya zo ta wannan hanyar, kotun ta yarda dokar tarayya ba ta rufe masa ƙofa ba, amma ta ce bai kawo abin da zai gamsar cewa ba shi katin maslaha ce ba, ya tafi hannu rabbana.

Abu biyu sun rage da ba su kwanta min ba. Kotun jiha ce ta fassara dokar tarayya, kuma kotunan tarayya ba dole ne su bi ta ba, saboda haka mai irin wannan umarnin a hannu ya kamata ya zauna da lauya kafin ya doshi shagon bindiga, balle in a wata jiha aka yi masa hukuncin, don can ne ake duba ko an maido masa da 'yancin. Na biyu kuma, a 2022 majalisar tarayya ta faɗaɗa haramcin ya haɗa da saurayi da budurwa, amma ta ce su nasu yana faɗuwa da kansa bayan shekara 5 in laifi ɗaya ne kuma ba a ƙara wani ba. Miji da mata ba a sa su a wannan sassaucin ba, da yau za a yi rigimar 2001 ɗin nan da sai ta sake bin kotun gunduma daga farko.